Sauyin halin damina da makomar ƙaramin manomi a Batagarawa

A shekarar 1967 wata Baturiyar Ingila mai binciken tattalin arzikin karkara, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa na wasu watanni tana auna gonaki, tana tambayar magidanta abin da suka noma da abin da ya rage musu a rumbu. Littafin da ta fitar a 1972 mai suna Rural Hausa ya sa sunan wannan gari, wanda a lokacin yake da tazarar kimanin mil shida kudu da birnin Katsina, ya shiga ɗakunan karatu na jami'o'in duniya. Har yau duk mai son fahimtar yadda Bahaushen karkara yake rayuwa da noma, da wuya ya tsallake Batagarawa.

Abin lura game da wancan bincike shi ne lokacin da aka yi shi. Shekarun 1950 da farkon na 1960 shekaru ne na wadatar ruwan sama a duk yankin Sahel. Duk da haka, da ta kasa gidajen garin rukuni huɗu gwargwadon ƙarfinsu, ta tarar da magidanta da dama waɗanda hatsinsu ke ƙarewa tun kafin damina ta kankama. Ƙasar noma ba ta yi ƙaranci ba a lokacin, domin akwai daji. Abin da ya hana su noma shi ne talauci: ba su da taki, ba su da abincin da zai riƙe su su yi aiki a gonarsu, don haka a daidai makonnin da gonar ke buƙatar noman firi, suna can suna ƙwadago a gonar wani domin su samo abin da za a dafa da dare. Da kaka su sayar da ɗan abin da suka samu da araha don biyan bashi, da bazara su saye shi da tsada.

Idan haka lamarin yake a shekarun da sama ke zubar da ruwa a kan kari, ya kamata mu tambayi kanmu halin da jikokin waɗancan magidanta suke ciki yau, da damina ta daina cika alkawari. Ra'ayina shi ne, haɗarin da ke gabanmu ya fi ƙarfi a wajen rikicewar rabon ruwa da tsanantar zafi fiye da raguwar jimillar ruwan shekara, kuma wanda wannan rikici ke fara kayarwa shi ne manomin da ba shi da irin shuka na biyu. Duk shirin da bai fara daga wannan mutum ba, to ya fara daga inda bai dace ba.

Daga fari zuwa ruwan fushi

Ƙasar Katsina ta san fari tun kafin a san kalmar sauyin yanayi. Kakanninmu sun raɗa wa yunwa sunaye don kada a manta: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da Mai Buhu ta 1927. Shekara guda bayan zaman Polly Hill a Batagarawa, ruwa ya fara ja da baya a Sahel, har ya kai ga babban farin 1972 da 1973 wanda ya hallaka dabbobi ya tarwatsa garuruwa daga Sanagal zuwa Habasha. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya ta karya noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano. Kafin mutane su farfaɗo, farin 1983 da 1984 ya sake dirowa. Tsakanin shekarun 1950 da na 1980, ruwan da Sahel ke samu ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100.

Wannan tarihi ne ya dasa a zukatanmu cewa matsalarmu ƙarancin ruwa ce kawai, da kwararowar hamada daga arewa. Amma tun daga shekarun 1990 ma'aunan ruwa a tsakiyar Sahel, inda ƙasar Hausa take, suna nuna cewa jimillar ruwan shekara ta ɗan farfaɗo. Abin da bai dawo ba shi ne tsarinsa. A 2017 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Christopher Taylor sun wallafa a mujallar kimiyya ta Nature sakamakon nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, inda suka nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Dalilin da suka bayar mai sauƙin fahimta ne. Hamadar Sahara na ƙara zafi da sauri fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, wannan bambanci kuma yana ƙara wa iskar da ke haɗa hadari ƙarfi. Ga kuma wata ƙa'ida ta kimiyya da aka daɗe da sani: duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururin ruwa da kimanin kashi 7 cikin 100. Iskar da ta ɗauki ruwa da yawa, idan ta tashi saukewa, da yawa take saukewa.

Yankin birnin Katsina yana samun abin da bai wuce milimita 600 zuwa 700 ba a matsakaiciyar shekara, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba. Idan wannan ruwa ya rarrabu a kan kwanaki masu yawa, yana shiga ƙasa a hankali, gero da dawa su sha su ƙoshi. Idan kuwa kaso mai tsoka na ruwan ya zubo cikin dare biyu ko uku, jimillar da za a rubuta a takarda ba za ta sauya ba, amma gona ba ta amfana da shi. Ƙasarmu ta jigawa rairayi ce, ba ta riƙe danshi na tsawon lokaci. Ruwan da ya zo da fushi yana wanke takin da aka zuba, ya kwashe ƙasar sama, ya haƙa kwazazzabo, ya wuce rafi. Bayan mako biyu ba tare da wani ruwan ba, shukar da ta kusa nutsewa jiya ita ce ke murɗe ganye yau. Ta haka gona ɗaya ke ganin ambaliya da fari a damina ɗaya.

Mutanen Jibiya sun ga ƙarshen wannan fushi a tsakiyar watan Yulin 2018, lokacin da ruwan dare ɗaya ya cika rafi ya afka cikin gari, ya kashe mutum fiye da 40 ya rushe ɗaruruwan gidaje. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, maƙwabciyarmu Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A 2024 Jamhuriyar Nijar ta rasa mutum fiye da 300, jihar Maraɗi da ke iyaka da mu tana cikin waɗanda abin ya fi shafa, tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya ruguje, sannan a watan Satumba madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Ƙasashen da aka sani da ƙishirwa ne yau ke binne mutanen da ruwa ya ci.

Zafin da ba ya barin dare ya huce

Zafi shi ne ɓangaren da ba a cika kawo shi a labarai ba, saboda ba ya rushe gida a gaban kyamara. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye alƙaluma, inda zafin duniya ya haura na kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri ɗaya da rabi. A ranar 3 ga Afrilun wannan shekara, ana tsakiyar azumin Ramadan, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 a ma'aunin Salshiyos. Mu ma a nan mun sha namu rabon a wannan bazara, ga ƙarancin wutar lantarki, ga tsadar ƙanƙara.

A gona, zafi yana aiki ta hanyoyi da dama. Yana busar da danshin ƙasa da wuri, ta yadda tsaikon ruwa na kwana goma a yau ya fi na da illa. Yana ƙona tsiro a makon farko, lokacin da saiwa ba ta yi nisa ba kuma fuskar rairayi ta yi zafi kamar tanda. Idan ya zo lokacin da gero ko dawa ke fitar da bununi, kan ba ya cika ido. Zafin dare kuma yana sa shuka ta ƙone abincin da ta tara da rana. A gida, tsofaffi da jarirai da mata masu ciki su ke fara galabaita, a ɗakunan da aka rufa da kwano babu silin. Ɗan ƙwadagon da a da yake noma har azahar, yanzu rana na korarsa tun da hantsi.

Asalin wannan ɗumama sananne ne. Iskar da ƙona kwal da man fetur da gas ke fitarwa ta ƙaru a sararin samaniya da kusan rabi a kan yadda take kafin juyin masana'antu, kuma nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da abin da ya kai kashi 4 cikin 100 na wannan iska. Manomin Batagarawa bai ci nanin ba, nanin ce ta ci shi. Wannan gaskiya ce da ya kamata wakilanmu su riƙa faɗa a tarukan duniya. Sai dai faɗarta ba ta cika rumbu, kuma akwai abubuwa da yawa da suke hannunmu.

Wanda ba shi da iri na biyu

A duba yadda damina mai rikici ke bi da gidaje biyu a unguwa ɗaya. Ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu, kowa ya fita shuka, wasu ma sun riga sun yi binne. Sai sama ta ɗauke na mako uku, tsiro ya mutu. Mai hali yana da iri a ajiye, ko kuɗin saye. Yana da shanun huɗa ko kuɗin hayar su. Ruwa na dawowa zai sake shuka cikin kwana biyu. Maƙwabcinsa kuwa irin da ya zuba shi ne na ƙarshe. Kafin ya samo rance ko ya yi ƙwadagon da zai sayi wani, mako guda ya wuce, kuma a daminar da ba ta fi wata huɗu ba, mako guda na iya raba cikakken kai da ƙaiƙayi. Idan ruwa ya ɗauke da wuri a Satumba, gonarsa ce za ta tsaya ba ta nuna ba. Da kaka zai biya bashi da ɗan abin da ya samu. Idan aka yi haka shekara biyu ko uku a jere, akuya za ta tafi kasuwa, daga nan sai gonar kanta.

Wannan shi ne zagayen da aka bayyana a Batagarawa tun 1967, sai dai yanzu yana juyawa da sauri. Wani masanin, Michael Watts, wanda ya yi nasa binciken a Kaita cikin shekarun 1970, ya kai ga matsaya makamanciyar wannan: fari daga sama yake zuwa, amma ko zai zama yunwa ko ba zai zama ba, wannan ya danganta da abin da mutane suka tanada da yadda al'umma ke tallafar raunananta.

Matakan kariya da magabata suka dogara da su kuwa sun yi rauni ɗaya bayan ɗaya. Gandu, inda uba da 'ya'yansa ke noma tare su tara a rumbu ɗaya, ya watse, gonaki sun rarrabu ta hanyar gado har wasu ba su kai a kira su gona ba. Dajin da ake faɗaɗawa cikinsa ya ƙare. Birnin Katsina ya miƙo ƙafa ta hanyar Dutsin-Ma, inda Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da sauran manyan makarantu suke, kuma gonakin karkara da aka shekara aru-aru ana zuba musu taki suna komawa fulotai. Ci gaba ne, babu musu, kuma ya kawo wa mutane da yawa abin yi. Amma manomin da ya sayar da gonarsa ya ci kuɗin cikin shekara biyu ya koma sayen tiya a kasuwa, ruwan da gonar ke shanyewa a da kuma yanzu yana gudu a kan kwano da siminti yana neman gidan da zai shiga.

Ga matsalar tsaro a yammacin jihar, a ƙananan hukumomi irin su Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa, wadda ta hana dubban manoma zuwa gonakinsu, ta kuma turo iyalai da yawa zuwa birni da kewayensa. Ga tsadar takin zamani da ta man injin ban-ruwa tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara fiye da 600 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar sakamakon tamowa. Ba wanda zai ɗora wannan a kan yanayi shi kaɗai. Abin da yake nunawa shi ne gidaje da yawa suna zaune a bakin rami, kuma damina ɗaya mai rikici ta isa ta tura su.

Abin da ke hannunmu

Na farko shi ne sani. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran ruwa zai zauna, da tsawon damina, da wuraren da ake fargabar tsaikon ruwa, har ana fassara shi da Hausa. Hukumar NIHSA ma tana fitar da hasashen ambaliya. Tambayar ita ce, manoma nawa ne a Ajiwa ko Bakiyawa wannan bayani ke isa gare su kafin su zuba iri? Hasashen da ya tsaya a ɗakin taro a Abuja bai hana kowa asara ba. Ya kamata ƙaramar hukuma da hukumar KTARDA su mayar da shi saƙo gajere, a karanta a gidajen rediyo, a sanar a masallatan Juma'a, a bi da shi ta hannun dagatai da masu unguwanni. Mu kuma da ke jami'o'in da ke zaune a kan ƙasar Batagarawa akwai bashi a wuyanmu. Ma'aunin ruwan sama ba shi da tsada. Idan aka kafa ɗaya a makarantar firamare ta kowace mazaɓa, malami da ɗalibansa suna rubuta abin da ya sauka kullum, sashen nazarin ƙasa yana tattarawa, cikin shekara goma za mu san halin daminarmu da alƙalumanmu, maimakon dogaro da ma'auni ɗaya na filin jirgin sama.

Na biyu shi ne iri. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, da ta Tafkin Chadi a Maiduguri, da cibiyar IITA, sun fitar da ire-iren gero da wake da gyaɗa masu nuna da wuri, irin su geron SOSAT. Abin da ya rage shi ne su isa hannun ƙaramin manomi a kan lokaci. Da za a ware wani kaso na kuɗin da ake kashewa wajen rabon kayan agaji bayan ɓarna, a kafa rumbun iri a kowace mazaɓa, wanda zai ba da rancen iri cikin kwana biyu ga duk wanda shukarsa ta mutu, a biya da kaka mudu da mudu ba tare da ƙari ba, da an tare asarar tun daga tushe. Haka ma rumbun hatsi na al'umma, a saya da kaka a sayar wa mabuƙata da sauƙi a watan Yuli da Agusta, don magidanci ya samu ya tsaya a gonarsa lokacin noma. Zakkar hatsi da ake fitarwa a wannan ƙasa, idan aka tsara tattara ta da rabonta, za ta ɗauki kaso mai yawa na wannan nauyi. Dabarar ajiye hatsin shekarun wadata domin shekarun tsanani, mun karanta ta a ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, tun muna yara.

Na uku shi ne riƙe ruwa a inda ya sauka. A nan ba sai mun je nesa neman darasi ba. A jihar Maraɗi, tun daga shekarun 1980, manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututturen itace lokacin sharar gona, sai a zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bar su su girma. Ta wannan hanya mai arha aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ne kan gaba a yankuna da dama. Itace a gona yana rage ƙarfin iska, yana sanyaya ƙasa, saiwarsa na buɗe wa ruwa hanya. Haka ramukan tassa da na rabin wata, da jera duwatsu a kan gangare, duk suna tilasta wa ruwan da ya zo da gaggawa ya tsaya ya shiga ƙasa. Jihar Katsina ta ga shirin dashen itatuwa na Tarayyar Turai a ƙarshen shekarun 1980, tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Itatuwa, tana kuma cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700. Ma'aunin nasarar waɗannan shirye-shirye shi ne yawan itacen da ya rayu bayan shekara biyar a gonar manomi, wanda ya tabbata cewa itacen nasa ne kuma ba mai cin sa tara idan ya sassabe reshe.

Na huɗu shi ne hanyoyin ruwa. Madatsar Ajiwa, wadda aka gina a shekarun 1970, tana cikin manyan hanyoyin da birnin Katsina ke samun ruwan sha, kuma manoman rani na kewayenta sun dogara da ita. Duk ƙasar da ruwan fushi ya kwaso daga gonakin da ke sama, a cikinta take kwanciya, tana rage mata ciki. Kare gonakin da ke kewaye da ita daga zaizaya kare ruwan famfon birni ne, kuma abin da ya faru a Alau ya isa ya sa a riƙa duba lafiyar kowace madatsa kafin damina, a kuma sanar da jama'a sakamakon. A cikin gari, hukumar tsara birane ta hana yanka fuloti a kan hanyar ruwa da cike kududdufai, ko da mai filin wane ne. Ruwa ba ya manta hanyarsa, kuma wanda ya sayi fili mai arha a kwari yawanci shi ne wanda ba shi da halin sake gini.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar jiran taron ƙasashen duniya. Ma'aunin ruwa a makaranta, rumbun iri a mazaɓa, gawo a gona, da magudanar da ba a toshe ba, abubuwa ne da shugaban ƙaramar hukuma da hakimi da shugaban sashe a jami'a za su iya zama su tsara a cikin rani ɗaya. Lokacin yin su shi ne tsakanin Janairu da Afrilu, kafin hadarin farko ya haɗu a gabas. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin tanadi tun da sauran lokaci.